Rasuwar Hajiya Gwanjo a Hannun Badaru Mai Gyara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta huce ba, ni Najib Muntaka na Gidan Tsamiya, ta ƙasar Gezawa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata ta tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da Hajiya Gwanjo. Ta rasu ranar Talata bayan la'asar, a kan teburin Badaru mai gyaran waya, ɗan ƙanen mahaifina. Ta shekara biyar a hannuna. Shekarunta na baya kuwa, sai wanda ya sayar min ya sani.

Marigayiya ma'aikaciya ce. Da ita nake rubuta wa wani kamfani jagorar manhajar da ake tsara gwajin sauran manhajoji da ita: inda ake jera gwaje-gwaje, yadda ake gane wanda ya ci da wanda ya faɗi, da wurin da ake kai rahoton matsala. Masu karanta jagorar ba mutane ba ne. Na'urorin AI ne masu aiki da kansu, waɗanda idan ka bar musu jimla ɗaya a dunƙule sai su goge abin da aka ce su gyara. Saboda haka kowane umarni sai mun auna shi, ni da ita, sau uku.

Mai haƙuri ce. Ta sha hawa bayan babur zuwa gindin ɗorawar gonarmu, inda nan kaɗai intanet ke kamawa sosai, ba ta taɓa ƙorafi ba. Maɓallin harafinta ɗaya ya faɗi tun bara, ta ci gaba da aiki da giɓinta. Da safe takan gaishe ni da “ɗin”, idan aiki ya yi nauyi ta ce “fuuuu”, iyakar maganarta ke nan.

Ciwon ajalinta ya fara ne da kaka. Ana sussukar gero a tsakar gida, ƙaiƙayi ya shige mata fanka, jikinta ya riƙa zafi, numfashinta ya koma “ƙirrr, ƙirrr”. Na so in kai ta birni. Baba ya ce ba a tsallake ɗan uwa mai sana'a a kai wa bare. Na bi maganarsa.

Umarni ɗaya na ba Badaru, kuma a rubuce: ya hure ƙaiƙayin, kada ya taɓa komai. Shekara uku ina rubuta wa na'urar da ba ta da rai umarni tana bi tiryan-tiryan. Ga mutum mai shekara arba'in, mai gemu, mai kunne biyu, ya kasa bin layi ɗaya.

Shaidu sun tabbatar min cewa ya farke ta gaba ɗaya, ya wanke cikinta da fetur da tsohon buroshin haƙori, ya shanya ta a kan kwanon rumfa. Da ya mayar ya ɗaure, ƙusoshi huɗu suka yi saura, ya zuba su a aljihu. Ta ƙi tashi daidai. Sai ya yi mata abin da yake yi wa kowace waya idan ta gagare shi, ya goge duk abin da ke kanta. A nan aikin kwana goma sha bakwai ya tafi, babi shida da ban kai ga tura wa kamfanin ba. Daga nan ya jona ta kai tsaye da janareta. Ta ce “ɗin, ɗin, ɗin”, hayaƙi ya fito ta gefenta, shi ke nan.

Da na je ɗaukarta, Badaru ya shaida min cewa dama kwananta ya ƙare. Yana faɗa yana cin gyaɗa.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da linzamin kwamfuta wanda tun ranar bai motsa ba, da farantin sola da ke ta tara wutar da babu mai sha. Ta bar matata Ummukulthum, wadda ta ɗinka mata riga da hannunta. Ta bar ni ina sake rubuta babi shida a kan waya da manyan yatsu biyu, domin kamfanin ya ce idan wata ya ƙare ban miƙa ba, wani za a ba aikin.

Dattawa sun zauna, sun ce in yafe saboda zumunci. Na yafe masa na lahira. Na duniya kuwa, da saura.

Na tambayi Malam, ya ce ba a yi wa na'ura sallah, don haka za a taƙaita. Za a ɗauko gawa daga gidanmu ranar kasuwa da hantsi, a cikin baron Kamaruddeen mai kayan miya, a bi ta layin 'yan hatsi a hankali yadda kowa zai gani, a sauke ta a kan teburin da ta cika. Ana roƙon duk wanda Badaru ya taɓa kashe wa waya ko rediyo ya zo da gawar, a haɗa su a yi sahu. A unguwarmu kaɗai an samu goma sha ɗaya.

Zaman makoki a bencin rumfarsa ne. Can zan zauna har kasuwa ta watse, kuma duk wanda ya miƙo masa waya, zan fara karanta masa wannan sanarwa tukuna. Wanda bai samu zuwa ba kada ya damu. Ina nan kasuwa mai zuwa, da wadda ke bayanta.