Fuskar Baban Hauwa a Cikin Gem

Wallahi ni na jawo wa kaina. Wani ɗan gem nake haɗawa, na yaro mai satar mangwaro, mai gona na bin sa da sanda. Na nuna wa 'yan gurup ɗinmu na masu haɗa gem, wani ya ce, "Mai gonar nan ba ya ba da tsoro. Sa masa fuskar mutum ta gaske."

To duk Basirka ba fuskar da nake tsoro kamar ta Alhaji Sale, baban Hauwa da nake nema. Na yanko hotonsa na liƙa, har da ƙara masa gira. Na ce ai wa zai gani? Sai na ba Bala mai cajin waya ya gwada min. Kafin ranar kasuwa, rabin gari na gudun Alhaji a waya.

Da aka ce Alhaji yana kira na, na tafi gidansa. Na tsuguna a zaure ina salati, a raina na gama ban kwana da Hauwa.

"Ni ne wannan?"

"E, Baba."

"Kuma kullum sai yaron nan ya tsere min?"

"E, Baba."

"Ba a taɓa tsere min a gonata ba. Je ka gyara!"

Na koma na ƙara wa mai gonar gudu, yanzu ba mai iya cinye gem ɗin. An dai ɗaura aure. Amma har yau in na je gaisuwa, ƙannenta sai sun yi ihu: "Baba, ɗauko sanda, ga shi nan ya shigo!"