Ranar da Malam Habu Ya Karanta Zambona

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ban ce na huce ba. Malam Habu ya dubi tsabar idona a gaban matan ajinmu ya ce abin da na kawo masa ba waƙa ba ce, surutun turmi ne. Ya rasu tuntuni, Allah ya jiƙansa, ina sa shi a addu'a kamar kowane Musulmi. Amma maganar tana nan a maƙogwarona kamar ƙayar kifi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, duk inda aka ɗauko labarin nan ni ake yi wa dariya, ba shi ba. Kuma masu dariyar suna da gaskiya.

Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Ni bazawara ce, na doshi arba'in, ina zaune a Gawuna. Kullum da sassafe nakan taka zuwa Nassarawa, unguwar Turawa, inda nake wanki da guga da shara a gidan wata malamar makaranta mutuniyar Kanada. A gabanta Madam muke ce mata, a bayanta Doguwa (in za ta shiga kicin sai ta sunkuya). Da yamma kuma in tafi ajin yaƙi da jahilci, inda Malam Habu ke koya mana boko. Ba sha'awa ce ta kai ni ba. Ana ɗaukar mata masu taimakon ungozoma a asibiti, kuma ba a ɗaukar wadda ba ta da takardar shaidar iya karatu da rubutu. Takardar nan sai Malam Habu ya sa hannu. Saura wata guda a ba mu.

Bari in fara tona wa kaina asiri. Tun ranar da na iya rubuta sunana na zama annoba. Bangon ɗakina na rubuta, gindin ƙwaryata na rubuta, har murfin tukunya bai tsira ba. Shekara talatin da 'yan kai ina dangwala yatsa, ai dole in rama.

To, lokaci-lokaci akan kawo wa Madam wata ambulan daga ƙasarsu. A ciki 'yan takardu ne da aka haɗe da ƙarfe, tawadar duk ta dame, wallahi takardar ɗaure ƙosai ta fi su kyan gani. Wata rana na ɗauki ɗaya zan kai wa Baba Kuku, mai dafa wa Madam abinci, ya hura wuta, sai na ji ihu kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ta fizge, ta zaunar da ni, ta yi mini bayani da gurguwar Hausarta, hannu yana cike inda baki ya gaza.

Wai waƙoƙi ne. Ƙaninta da abokansa, ɗaliban jami'a a wani gari na bakin teku can ƙarshen ƙasarsu, su ne suka kai waƙoƙinsu wurin manyan da ke buga littattafai, aka ce su je su ƙara girma. Su kuwa suka samo wani tsohon inji, suka riƙa bugawa da kansu, suna aikawa kyauta ta gidan waya ga duk wanda suka sami adireshinsa. Ƙa'idarsu ita ce mutum ya rubuta yadda yake magana, a kan wurin da ƙafarsa take tsaye, ya yanke layi inda numfashinsa ya ƙare. Manya suka yi ta zaginsu, zagin ya zame musu talla, har ɗaliban wasu garuruwan suka fara fitar da irin tasu. (Bayan shekaru Madam ta rubuto mini cewa wasu daga cikin yaran nan su ne yanzu ake karantawa a makarantunsu. Na ce Allah ya sa kada su ma su ce wa na baya su je su ƙara girma.)

Na ce, "Madam, ai wannan mu mun daɗe muna yi. Taɓarya ce ke yanke mana layi. In ta sauka ki numfasa, in ta tashi ki faɗi magana."

Ta tafa hannu ta ce to mu ma ajinmu zai fitar da tasa takardar, tunda takan leƙa mu ranar Talata ta kawo alli da littattafai. Ta aro inji daga makarantarsu. Sai dai Hausarta daga gaisuwa sai cinikin tumatir, don haka ta ce Malam Habu ya zaɓi abin da za a buga. An ba kura ajiyar akuya ke nan. Ya zaɓi tasa waƙar mai tsawon igiyar rijiya, ya ƙara da na ɗalibansa maza. Ni kuwa na yi kwana uku ina rubuta waƙar dakan da na gada wurin kakata, da ɗan ƙarin da na yi mata, yatsuna har suna ciwo. Na miƙa masa da hannu biyu.

Ya duba sama, ya duba ƙasa. "Baiwar Allah, ina yabon buɗewa? Ina amsa-amo?"

Na ce, "Malam, Madam ta ce yadda ake magana."

"Madam ta ce! Wannan ba waƙa ba ce, surutun turmi ne. Dama kan mata ƙwarya ce hujajjiya, ka zuba ta sama ya fice ta ƙasa."

Ya miƙo mini da yatsa biyu kamar ya ɗauko mataccen ɓera. Na karɓa na koma wurin zamana, saboda takardar shaida.

Yanzu, duk macen da ta taɓa riƙe taɓarya ta san maganin irin wannan. Ki jira sai kina daka, ki saki habaici, wanda ya tsargu ya ji a jikinsa. In ya zo da faɗa ki buɗe ido ki ce, "Ni? Da zakara nake, ya zubar mini da tsaba." Magana ta bi iska, ba shaida, ba alƙali. Haka muka taso, haka na zaci duniya take ko'ina.

Washegari ina goge teburin Madam, sai na ga takardun da take shiryawa. Ba irin waɗanda na sani ba ne, masu santsi ne kamar an shafa musu kaki. Ta ƙarshen rabinta babu komai. A gefe ga wani alƙalami na ƙarfe. Na ɗauka na ja layi, ban ga tawada ba. Na sake ja, sai ɗan ƙarce da ba ya ganuwa sai an ƙura ido. Na ce a raina, Allahu Akbar, Turawa ma suna da turminsu! Rubutun da ba ya fitowa! Na leƙa, Madam tana makaranta, Baba Kuku yana can yana faɗa da mai kawo itace. Na ja kujera na zauna kamar akawu, na juye duk abin da ke cikina. Da na gama da Malam na ga akwai sauran wuri, kuma hannu ya riga ya yi zafi, sai na ɗan taɓa Madam. Sannan, don jakanci ya cika, na rattaba sunana a ƙasa, da na ubana, da na unguwarmu.

Na tashi sakayau kamar na sauke dami. Ban san wannan ƙarcen shi ne ƙofofin da tawada ke bi ba. Ban san in an ɗaura takardar a inji an juya, haihuwa take yi kamar fara ba.

Satin nan duk inda muka haɗu da Madam sai ta yi mini murmushi ta ce, "Akwai mamaki." Ina bayan gida ina wanki ina jin injin yana ƙwaram-ƙwaram, ina ta lissafin wace rigar za ta ba ni cikin tsofaffinta. Ashe ta ɗaga takardar a hasken taga ta ga rubutuna, ta gane sunana, ta ɗauka na yi ƙarfin hali na sa waƙata da kaina, irin na ɗaliban ƙasarsu.

Ranar Asabar bayan la'asar aka taru a barandarta. An jera kujeru har ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ga matan ajinmu, ga mazan, ga malaman makarantar su Madam, har da wasu manyan ma'aikata da suka zo da motocinsu. Baba Kuku yana zagawa da shayi. Malam Habu ya sha babbar riga, ya karanta waƙarsa har mutane suka fara kallon mangwaro. Sannan aka raba wa kowa takarda, Madam ta miƙe ta ce akwai shafi na ƙarshe, ta kira sunana, ta roƙi Malam ya karanta tunda shi ne malamina.

Kun san abin da na yi? Na zaci waƙar kakata ce ta ceto. Na miƙe, na gyara gyale, na ratsa mutane ina taku ɗai-ɗai, na je na tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi. Har wani kallo na yi masa, irin na "ka gani ko?"

Ya juya shafin. Na ga gemunsa ya motsa. Ya dube ni, ya gyara murya, ya karanta a tsanake, da irin muryar da yake ja mana baƙi:

"Mai keken da ba birki,
ya zo aji yana gyangyaɗi,
alli a hannu, miyau a gemu,
wai kan mata ƙwarya ce hujajjiya.
To Malam, kai wa ya haife ka, tulu?"

Sai wata daga baya ta ce "Wayyo cikina!" shi ke nan aka ɓarke. Baba Kuku ya ajiye tire a ƙasa ya riƙe ginshiƙi. Madam, da ba ta ji komai ba sai daɗin sauti, tana ta tafi tana cewa, "Da kyau! Da kyau!" Ni kuwa ina tsaye, gyalen da na gyara ya zame mini kamar bargo, gumi har cikin takalmi.

Sai bakina ya yi abin da ya saba tun ina yarinya. Na ji kaina ina cewa, "Malam, ni da zakara nake."

Ya ɗaga takardar sama yadda kowa zai gani. "Zakaran Gawuna ne ke hawa keke? Kuma shi ya sa miki hannu a nan, har da sunan mahaifinki?" Kowa ya duba tasa. Kowa yana riƙe da shaida a hannu. "Ku dakata," in ji shi, "akwai saura."

"Doguwar gidanmu mai kirki ce,
sai dai shayinta ruwan wankin kwano,
karenta na cin tsoka,
mu muna tsotsar ƙashi."

Wannan bai bar shi a Hausa ba. Ya juya ya fassara wa Madam da Turanci, layi-layi, har yana nuna karen da ke kwance a gindin kujerarta. Na ga tafinta ya tsaya a iska. Fuskarta ta yi ja kamar gauta. Ta dubi kofin da ke hannunta, ta dube ni, ta ce a hankali, "Ruwan kwano?"

Da ƙasa tana da ƙofa da na shige na ja ta. Matar nan ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ita ta fara ce mini abin da ke bakina waƙa ce, ga ladan da na ba ta a gaban baƙinta. Wannan ita ce kunyar da har yau in na tuna nake rufe fuska, ko ni kaɗai ce a ɗaki. Na Malam kuwa, ko a lokacin ban ji na yi ƙarya ba.

Ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu. Da zai hau kekensa ya ce, yadda kowa zai ji, "Takardar shaida kuma, baiwar Allah, sai ki nema wurin zakara." Ya tafi yana jan ƙafa a ƙasa wajen kwana, don keken da gaske ba shi da birki.

Da aka watse na durƙusa gaban Madam. Ta ce ƙaninta ya taɓa zagin malaminsa a takardarsu, amma shi bai haɗa da mai ba shi shayi ba. Ta ce daga gobe ni zan riƙa haɗa shayin, tunda na fi ta sani. Zancen tsokar da kare ke ci kuma, ta kira Baba Kuku ta tambaye shi ina tsokar ma'aikata take zuwa. Dariyarsa ta tsaya nan take.

Na koma Gawuna ina tafe ina zagin kaina, in na gaji in koma kan Malam. Shekara guda ina haɗiye magana saboda sa hannunsa, na zo na zubar a yini ɗaya. A hanyar ne na gane abin da ba a koya mana a aji ba. Turmi yana rufa wa mace asiri, takarda kuwa ba ta da amana, abin da kika ba ta shi za ta faɗa, a gaban kowa, har bayan ranki. Wadda ke son ta ce da zakara take, to ta tsaya a bakin turmi.

Amma tunda takarda ba ta iya ƙarya, ai shaidarta ta fi ta Malam Habu ƙarfi.

Da gari ya waye ban nufi Nassarawa ba. Na ninke shafin nan na ƙulle a bakin gyale, na tafi asibiti, na zauna a benci har aka kira ni gaban babbar sista, wata mutuniyar kudancin Zariya mai gilashi a kan hanci. Ta ce, "Mama, ina takardar shaidarki?"

Na kwance, na shimfiɗa mata a tebur, na ɗora yatsa a kan sunana. Na ce, "Ga ta. Ni na rubuta da hannuna, malamina ya karanta a gaban jama'a bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. In kina shakka ba ni alƙalami, in yi miki naki zambon yanzu."