Furen Inna da Kaka Ya Binne

"...da gajiya, Ango? Ko har yanzu gwiwar tana yi maka gardama?"

"Gwiwata lafiya lau, Amarya. Ke ce kika rame, da gani ba ki iya girki ba."

Jikar ta ajiye jakar aikinta a bakin ƙofa, ta zaga bayan ɗaki inda ɗan lambun yake. Mako biyu ke nan da ta kawo wa Kaka irin furen marigayiya Inna, matarsa. Wani ɗan gajeren fure ne fari mai ƙamshin zuma, bazara ɗaya yake yi ya mutu. Irin da Inna ta bari ɗan mitsitsi ne a ƙullin takarda, daga shi babu wani. Jikar ta ja masa kunne ya watsa a sama kawai, kada ya rufe, don sai ya ga rana yake tsira. Amma wa ya isa ya koya wa tsohon manomi shuka?

Kunya uku ta tarar reras, an tayar da su kamar za a sa rogo. Ko tsinke bai fito ba.

"Ango, me ka yi wa irin nan?"

Kaka ya biyo ta yana dogara sanda. "Shuka na yi irin ta maza. Rami, iri, ƙasa, diddige."

"Har da diddige? Abin da bai kai ƙwayar yashi ba ka taka?"

"To in bar shi tsirara tsuntsaye su yi walima? Shekara hamsin ina noma, ban taɓa ganin irin da ke tsoron ƙasa ba."

"Ai ba masara ba ce. Jana'iza ka yi masa."

"Furen da ba ya shiga miya, akuya ma ta raina shi."

"Na fasa auren. Ina ni ina mijin da ba ya jin magana?"

"Dama wa zai kwashe ki? Ni ma taimako nake yi."

Ta yi dariya, amma iyakarta baki. Ranta ya sosu ƙwarai, don ƙamshin furen nan ne kaɗai yake dawo mata da Inna sosai. Ta tsuguna tana tona kunyar da yatsa, ko za ta ga wani abu. Kaka ya daɗe yana kallonta.

"Tashi, kada ki rushe min aiki. Je ki gindin famfo ki duba."

A can, inda ruwa ke ɗiga, wasu ƙananan ganye sun fito cunkus, kore shar, an kewaye su da duwatsu.

"Ranar da zan shuka hannuna ya yi rawa," in ji Kaka. "Rabi ya zube a nan. Na ɗauka ya tafi ke nan."

"Wato wanda ka ɓarar ya fi wanda ka shuka sa'a."

"Taurin kai ne da shi, irin naki."

"Wa ya jera masa duwatsu?"

"Iska."

"Iskar nan da sanda take yawo?"

Kaka ya yi dariya har da tari. Ya ɗauko butarsa ya miƙa mata.

"Ungo, ba shi ruwa, ni hannuna ya yi masa nauyi. Na sallama, Amarya. Haka kakarki take watsa shi tana tafiya, ni kuwa shekara arba'in ina ce mata raguwa."