Waƙar da Na Tsinta a Bakin Lawwali

Ba zan taɓa mantawa da bikin yaye ɗalibai na kwalejinmu ta Batsari ba, ko da na so.

Na koyi kiɗa a Alƙahira, na koyar a Kumasi da Yamai. A Kumasi mutum huɗu za su buɗe baki, kowa da muryarsa, su tashi da waƙa ɗaya. Mu nan kuwa mawaƙi ya faɗa, 'yan amshi su maimaita. Da tsufana na dawo gida koyar da haɗa muryoyi. Iyaye na cewa ɓata lokaci ne, shugaban kwaleji kuma ya ce in ba mu ƙayatar ranar biki ba, zai rufe ajin.

Dabarata ta jawo ɗalibai ita ce in ɗauki waƙa daga bakinsu. Wata rana na ji Lawwali, ɗalibina ɗan Ruma, yana rera wani kari ƙasa-ƙasa, bai ma san yana yi ba. Ban tambaye shi komai ba (mai yare biyar irina ina shi ina tambaya?), na raba karin murya huɗu, na ɗora masa baitocin yabon ilimi. Lawwali ya daina zuwa gwaji, 'yan Ruma da Tsaskiya suka bi sahunsa. Na tara su na yi musu huɗuba kan lalaci, har da misalin yaran Kumasi. Suka sunkuyar da kai. Wa zai yi wa mai furfura gyara?

Ranar biki na ɗaga hannu, muryoyin waɗanda suka rage suka shiga juna kamar saƙa. Na juyo in karɓi tafi, sai na ga rabin rumfa ba kowa. Wata tsohuwa na laluben takalminta za ta fice.

Mahaifin Lawwali, malamin allo ne, ya matso ya gaishe ni tsaf, har da tambayar iyali, sannan ya ce:

"Malam, da wannan waƙar 'yan bindiga ke shigo mana gari. Ita suka riƙa sa yaron nan ya rera musu lokacin da yake hannunsu a daji."

(Ni kuwa ina tsaye cikin babbar riga, ta sha guga.)

Aka rufe ajin. Lawwali bai sake taka kwalejin ba. Na hau babur har Ruma neman gafara, aka ba ni fura, aka ce ba ya nan.

Yanzu in na ji yaro na rera waƙa, na san sai na ji inda ya samo ta kafin in yaba. Ilimi ne mai kyau. Ɗaliban da zan yi aiki da shi a kansu ne babu.