Ranar da Dokar Tsani Ta Ci Mai Ita

Da aka ba ni shugabancin ma'aikata a wani ginin bene a Shinkafi, na kafa doka: duk wanda ya ga tsani a jingine, ya mai da shi sito, ba tambaya. Na cika baki cewa sai na saita kowa.

Ran Juma'a na hau sama duba kankare. Leburori suka bi doka sau da ƙafa, suka kulle tsanin, suka tafi masallaci. Na yi kira har muryata ta dishe. Wata mai fura ta ɗaga kai ta ce, "Malam, wa'azi kake can sama?"

Har yau in na shigo, Mamman birkila sai ya ce, "Oga, a ɗauke tsani, ko za ka hau tukuna?"