Rasuwar 'Yar Baƙa, Hular Kwanon Talha

Da zuciya cike da baƙin ciki, iyalan marigayi Alhaji Kallamu Indabawa na Mile One, Fatakwal, suna sanar da rasuwar 'Yar Baƙa, hular kwano mai ɗauke da kyamarori biyu, wadda ta faɗo daga sama ta fashe a wata gonar rogo. Mai ita, Talha Kallamu Indabawa, ɗan shekara talatin da huɗu, ya sauka da ransa. Wuyansa ya gurɗe, likita ya sa masa abin tallafe wuya na mako uku.

Abin ya faru ranar Asabar, sha huɗu ga Satumba, da ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe, a saman wani ƙaramin filin jirgi da ke bayan gari. Marigayiya ta rasu tana da shekara bakwai, bayan dira dubu ɗaya da ɗari tara da sha biyu.

Ga waɗanda ba su san sana'ar ba, Talha mai ɗaukar hoto ne a cikin iska. Idan baƙo ya zo zai dira daga jirgi da laima, a ɗaure a ƙirjin ƙwararre, Talha ne yake fara fita ya maƙale a jikin ƙofa, ya saki tare da su, ya tsaya a gabansu suna faɗowa. Da hannuwa yake tuƙa jikinsa, don haka kai ne yake ɗaukar hoto. Kyamarar bidiyo tana gefen hula, ta hoto tana bisa, wata 'yar waya kuma ta shigo cikin baki. Idan ya ciza, hoto ya ɗauku. A Afirka ta Kudu ya koyo aikin, a can kuma ya haɗu da marigayiya.

Ta kasance mai riƙon amana. Ta ga wani dillalin shanu na Trans-Amadi ya yi kalmar shahada tun daga ƙofar jirgi har ƙasa, ya kuma roƙa a cire murya daga bidiyon, aka cire, ba wanda ya ji daga gare ta. Ta ga ɗankwalin wata 'yar kasuwa daga Anaca ya tafi ba dawowa. Ba ta da surutu. Ƙyas, ƙyas, idan an ciza. Sai kuma ɗit-ɗit-ɗit a kunnen hagu, idan tsayi ya rage saura ƙafa dubu biyar, a daina hoto a nemi laima.

Nauyinta kilo biyu da rabi, kuma saboda ita ne Talha ya zaɓi laimar da ya zaɓa: babba, mai buɗewa a hankali. Abokan aikinsa masu son ƙananan laimomi masu gudu suna kiranta bargon tsofaffi.

"Ku ba ku da tukunya a ka," haka yake ba su amsa. "Ranar da laima ta fizge ni, wuyana ne zai ji, ba naku ba."

Mafi girman halinta shi ne sumul take. A lokacin da laima ke buɗewa, igiyoyinta suna wucewa dab da kan mutum, duk abin da ya turo zai iya kama ɗaya. Talha ya goge kan kowace kusa da magagari, ya cike kowane gurbi da gam. A ƙarƙashin haɓa akwai ɗan jan maɓalli, idan an ja hular ta bar kai nan take. Shekara bakwai bai taɓa jan sa a sama ba.

Ciwon ajali ya fara ne a cikin gida.

Talha shi ne ɗan fari na Hajiya Kande, mai sayar da wake da gero a kasuwar Mile One, ba ta kuma kiran sunansa. Tun ranar da ya dawo da wannan sana'a ta gindaya sharaɗi ɗaya: ba zai hau sama ba sai da laya a kansa. Ya yarda. Aka sa wata 'yar siririya a cikin soson hular, inda igiya ba ta kaiwa, ta zauna a nan shekara shida. A daminar bana matarsa Nazifa ta cire soson za ta wanke, Hajiya ta ga gumi ya cinye fatar layar. Ta aika wa wani baduku a Anaca ya ɗinko sabuwa. Sabuwar ta zo da kauri, da igiyar fata, ta ƙi shiga cikin soso.

Hajiya ta ɗora hular a cinya, ta juya ta, ta sami ƙarfen da ke riƙe kyamarar gefe, ta ɗaure layar a nan da hannunta, ƙulli uku. Talha yana tsugune a gabanta yana kallo.

"To, ga shi. Nan ma ya fi, tana shan iska," in ji ta. "Kai wannan, ka yi mini alkawari ba za ka kwance ba."

"Hajiya, wurin nan ne igiya..."

"Igiya ta fi ayar Allah ne?"

"A'a, Hajiya."

"To, alkawari."

"Na yi. Allah ya saka da alheri."

Mutumin da ba ya barin kan kusa ya turo ya fita tsakar gida da baƙin tef, ya naɗe layar da igiyarta har suka kwanta. Manu, mai naɗe laimomi a filin, shi ke duba kayan kowa kafin a hau jirgi. Ya ga tef, ya tambaya. Talha ya ce waya ce ya rufe. Ya yi dira goma sha ɗaya a haka. Tef ba ya daɗewa a danshin Fatakwal, kuma ba wanda ya ga lokacin da bakinsa ya fara ɗagowa.

A ta goma sha biyun, Talha ya gama ɗaukar baƙonsa, ya jefa laima a tsayin ƙafa dubu huɗu. Igiya ɗaya ta gefen hagu ta shiga ƙarƙashin igiyar layar. Kansa ya fizgu baya, laimar ta buɗe a karkace ta fara juya shi. Ya ce abin da yake iya tunawa shi ne ƙasa da sama suna musayar wuri, da ɗit-ɗit-ɗit wanda ya koma kuka ɗaya dogo. Ya ja jan maɓalli. Marigayiya ta bar kansa ba gardama, ta tsaya tana lilo a cikin igiyoyi. Laimar ba ta miƙe ba, don haka ya sake ta ita ma, ya buɗe ta ko-ta-kwana a ƙafa dubu ɗaya da ɗari takwas. Ya sauka a bakin filin ba hula.

Ranar Litinin wani manomi ya kawo labari. Manu ya bi shi a okada, ya tarar da laimar a shimfiɗe a kan rogo, marigayiya a ƙarƙashinta ta rabe biyu. Layar tana nan ba abin da ya same ta, igiyarta a nannaɗe da ta laima. Ya yanko su tare ya kawo gida a leda, ya ajiye a gaban Talha.

"Oga Talha, wannan ce wayar?"

Manu ya ci gaba:

"Dira dubu biyu fa kake nema. Da sabon shiga ne sai in ce bai sani ba. Daga yau ko zare na gani a hularka, ba ka hau. Ko da na Hajiya ne."

Shugaban filin ya tabbatar da wannan hukunci a rubuce.

Abin da Hajiya ta sani shi ne laima ta ƙi buɗewa, hula ta faɗi, ɗanta ya tsira. Ta yi sadakar ƙosai kwana uku. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta ce masa, "Ba ga shi ba? Layar ce ta karɓi abin. Ta tafi da hular, ta bar mini kan." Talha yana zaune a gefe da abin wuyansa, ba ya iya gyaɗa kai ba ya iya girgizawa, yana cewa haka ne.

Nazifa ta ce masa ya faɗa mata gaskiya. Ya ce, "In ce mata me? Hannunta ne ya kusa karya mini wuya?" Nazifa ta ce to ita ma ba za ta zauna tana jiran manomi na biyu ba.

Marigayiya ta bar bargon tsofaffi, wanda ke jinya a wurin Manu, za a sauya masa igiyoyi. Ta bar rigar fiffike da yake sawa idan zai dira, da agogon tsayi na hannu, da 'yar wayar cizo wadda ta tsinke ta rage a bakin Talha har ya sauka. Ta bar katin bidiyo, ya fita lafiya, akwai daƙiƙa arba'in da ɗaya na ƙarshe a cikinsa, mai shi bai kalla ba. Ta bar hotuna na mutanen Fatakwal da Anaca da Inugu, baki buɗe, kumatu suna rawa, a falukansu.

An tuntuɓi limamin unguwa. Ya ce ba a yi wa hula salla, amma ba laifi a rufe ta. Za a rufe ta ranar Laraba da hantsi a bayan rumfar jirgi, Manu ne zai haƙa. Za a zauna karɓar gaisuwa a gidan marigayi Alhaji Kallamu, bayan layin masu nama, daga la'asar zuwa kafin magariba, Laraba da Alhamis. Ana roƙon abokan aiki da duk wanda ya karanta wannan sanarwa kada ya ɗauko maganar igiya a gaban Hajiya.

Sabuwar hula ta iso, tana cikin kwalinta. Likita zai cire abin wuya ranar Juma'a ta sama, an kuma sa sunan Talha a jirgin farko na washegari. Hajiya ta riga ta aika Anaca. Wannan karon guda biyu ta ce a ɗinko, ɗaya kowane gefe, direban motar kaya zai kawo su ranar Alhamis. Zuwa lokacin rubuta wannan sanarwa, Talha bai yi mata magana ba.