Sun Zo Duba Ƙanƙara, Sun Tafi da Hanyata

Jama'a, jiya na wuni a tsaye a bakin ruwa, ni da karnukana da ƙaton kifi, ina hangen gidan surukata kamar mai kallon talabijin.

Surukar tawa, Arnajaraq, ta cika shekara tamanin, aka buɗe ƙofa don shan gahawa, kowa ya shigo ya ci kek ya ba wani wuri. Tun da na auri 'yarta Nivikka take cewa ba a yi dace ba. Sai na ci alwashin kawo mata kifin da zai rufe bakinta. Da sassafe na ɗaura wa karnuka keken ja, na bi ta kan mashigin tekun da ya daskare ya zama ƙanƙara, zuwa ramin da na fasa na kamun kifi a tsallake. Allah kuwa ya ba ni wanda ya kusa kai ni tsawo.

Ina juyowa sai ga jirgin masu girma, Iyayen Teku, manyan sojojin ruwa masu anini a kafaɗa. Tun bara ake mana albishir za su zo su tsara yadda jiragen yaƙi za su yi idan ƙanƙara ta narke. To, sun iso, a jirgi mai fasa ƙanƙara, suka bi ta tsakiyar hanyata suka tsaga ta biyu. Har hannu suka ɗaga mini, don mutane ne masu tarbiyya.

Maƙwabcina Ujarneq, da shi ma aka datse shi, ya ce, "Kai maƙwabci, me suka zo yi ne?"

Na ce, "Binciken abin da ke cinye mana ƙanƙara."

Ya ce, "Ai su leƙa bayan jirginsu mana!"

Na kira Nivikka a waya, raina a ɓace. Ta ce, "Kana ina ne, mutumin nan? Baƙi sun cika gida, har manyan jirgin sun cire takalma sun zauna. Babbansu yana kan kujerarka."

"Ki gaya wa Inna kifinta na nan."

"Ta ji ka. Ta ce bawan Allahn nan da ke kujerarka ya taso tun daga kudu bai makara ba, kai daga tsallaken nan ka kasa."

Wallahi wannan ta yi mini ciwo. Sai da yamma wani mai kwalekwale ya kwaso mu, an riga an wanke kofuna. Kifin da zai wanke ni a idon tsohuwa, ko kallonsa ba ta yi ba, tana ta yabon mai anini, wai ya ci kek ɗinta har ya nemi ƙari.

Amma a yaba musu, sun yi aiki. An ce sun gano ƙanƙararmu na ɓacewa da saurin da ba su zata ba, da idonsu suka gani. Saboda haka baɗi za su dawo da jirgin da ya fi wannan girma.

Ni dai na fara koya wa karnukana iyo.